Zuciyar Alade da Tattasan Ya Fanna

Idan ka je mayankar Diffa da sassafe ka tambayi Nazifa Abdullahi, ba lalle a gane wadda kake nufi ba. Amma ka ce Madam Zuciya, sai wuƙaƙe goma su nuna maka ita a lokaci ɗaya. Ga ta can, ƴar gajeruwa, da farar riga a kan atamfa da takalmin roba da ya fi ƙafarta girma, tana jujjuya huhun saniya. Ma'aikaciyar ofishin dabbobi ce, ita ke cewa wannan nama ya shiga kasuwa, wancan a binne shi. Shekara shida tana wannan aiki, ba a taɓa jin an rufe mata baki da tsoka ba.

Mahauta ne suka laƙa mata sunan, kuma ba su yi mata ƙarya ba. Kullum in ta gama duba nama sai ta sayi zuciya ɗaya, ta rago ko ta akuya, ranar da ta tashi da nishaɗi ta bijimi. Da farko sun ɗauka farfesu take so, har Baba Ilu, tsohon mahauci mai bakin tsiya, ya fara yi mata gyara da ƙoda. Sai wata rana ya leƙa bayan rumfa ya same ta a tsugune, ta dama shuɗin wanki a gwangwani, ta zuƙa a sirinjin shanu, tana ɗura wa zuciyar ta wata ƴar kafa. Yana kallo shuɗin ya bi jijiya, ya rarrabu, ya mamaye gefe guda na tsokar, ɗaya gefen ya zauna da jansa.

"Madam, naman Allah kike wa rini?"

"Baba Ilu, zo ka gani. Wannan jijiyar ita ke shayar da nan. In ta toshe, nan wurin ne zai mutu."

"To ai ya riga ya mutu. Ni na yanka shi."

Abin yana da asali. A Barwa aka haife ta, gidan manoman tattasai a bakin Komadugu. Tana shekara goma sha biyar, tana makaranta a Diffa, aka aiko ta zo gida, ta iske an riga an binne ubanta, Malam Abdullahi. Abin da aka gaya mata bai cika cokali ba: ya dawo daga lambu da rana tsaka, ya zauna a inuwa, ya dafe ƙirji, shi ke nan. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce kwana ne ya ƙare, aka yi addu'a aka watse. Sai da ta kai jami'a a Yamai, wani malami ya zana zuciya a allo yana bayanin ciwon da ke danne ƙirji ya gangaro hannun hagu, sannan ta tuna watannin da ubanta ya yi yana murza wannan hannu yana cewa sanyi ne. Ta fita daga ajin ta yi kukan da ba ta samu ta yi a Barwa ba. Tun daga ranar zuciya ta shiga ranta.

Uwarta kuwa, Ya Fanna, mace ce mai kamar maza. Da tashin hankali ya kore su daga Barwa, ba ta zauna jiran buhun agaji ba. Ta nemi ɗan lambu a gefen Diffa, ta ɗaura zane ta koma ga tattasanta. Magana ba ta dame ta ba, zancen ranar da mijinta ya rasu kuma ko da wasa ba ta yin sa. Nazifa ita kaɗai ce gare ta, kuma tun rasuwar ta yi wa kanta alkawari ba za ta taka ko nan da Maine-Sorowa ba sai ta ji "Allah ya yi albarka" daga bakin tsohuwar. Ba a taɓa hana ta ba, don ba ta taɓa neman abin da za a hana ba.

Sai ga sanarwa a wayarta, ƙarshen damina. Wata cibiyar binciken zuciya a ƙasar Turawa tana neman ma'aikacin dabbobi ɗaya daga Sahel, ya je ya yi shekara guda ana aiki da shi. Sharaɗin shiga, mutum ya tsara gwajin da za a yi don a fahimci abin da ke faruwa in jijiyar zuciya ta toshe. Nazifa ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune, ta tashi ta zagaye teburinta sau biyu har abokan aikinta suka tambaya ko kunama ce. An yi bayanin komai. Za a sa dabba barci ta yadda ba za ta ji zafi ba, a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuciya, a hura ɗan balan-balan mai kamar ƙwayar gero ya toshe hanyar jini na awa guda, sannan a sace shi jini ya koma, daga baya a auna yawan tsokar da ta mutu. Abin da ta yi shekaru tana yi da shuɗi a kan mataccen nama, ga shi za ta gani a zuciyar da ke bugawa.

Layi ɗaya ne ya sa ta koma ta zauna a hankali. Dabbar alade ce, don zuciyarsa ta fi ta kowace dabbar gida kama da ta mutum, a girma da a shimfiɗar jijiyoyi. Nazifa ta san garinsu, ta kuma san uwarta. Matar da ko sunan dabbar aka ambata sai ta tofar da yawu, ita za a je a ce wa ƴarta tilo za ta tsallake teku ta shekara tana tattaɓa alade? Ta tabbata in Ya Fanna ta ce a'a, tafiya ta mutu. Saboda haka ta yi abin da matsorata masu wayo ke yi. Ta ce mata aikin zuciyar dabbobi ne, ta haɗiye sauran.

Ta zauna ta rubuta, kuma a nan ta tafka ta ƴan Diffa. Ita dai sau ɗaya ta taɓa ganin alade da idonta, ta tagar mota a hanyar Yamai, kuma ta ɗauka kare ne da ya samu gidan masu hali. Don haka ta tsara masa rayuwar ragon layya. Ta rubuta a kafa wa kowanne turke, a ɗaura masa igiya a wuya, a ba shi harawa da dusa safe da yamma, in za a saurari ƙirjinsa a matse shi tsakanin gwiwoyi. Ranar da shugabar binciken, wata Farfesa mai furfura, ta kira ta a waya suna ganin juna, matar ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce wuyan alade ya fi kansa kauri, igiya sulluɓewa za ta yi, wanda kuma ya matse shi a gwiwa sai dai a kwashe shi. Nazifa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Amma Farfesa ta mayar da tabaranta ta ce wannan abin koyo ne na kwana biyu. Sauran tsarin ya yi kyau, kuma Nazifa na cikin mutum uku na ƙarshe. Abu ɗaya ya rage. Duk abin da ta rubuta daga littafi ya fito, ina tata tambayar? Me take son aladun nan su gaya mata wanda ba a riga an sani ba? Ta ba ta kwana goma.

Kwana shida suka wuce Nazifa ba ta samo ko wutsiyar tambaya ba. Ta rina zukata har Baba Ilu ya ce shuɗi zai yi tsada a gari. Ranar Asabar ta haƙura ta tafi lambu, ko iska ta buga mata kai.

Ta iske an shiga uku. Injin ban-ruwa ya lalace kwana huɗu, sai da safen nan aka gyara shi, ga ranar bayan damina mai dafa ƙwai. Tattasai ya yi laushi, ganye ya rataya, fure na shirin zuba. Ruwa ya cika babbar hanyar ban-ruwa yana sheƙi, Ya Fanna na can ƙarshen lambu da fartanya. Nazifa ta ga abin tausayi, ta ga kuma damar nuna ita ƴar gida ce. Ta tattare zane, ta ɗauki hauya, ta fasa bakin fangali na farko warwar, ruwa ya kwarara ciki da gudu.

Ba ta san tsohuwar na da sauran gudu ba. Kafin ta ɗago, Ya Fanna ta iso, ta tura laka da ƙafa ta toshe bakin, tana haki.

"Wa ya aike ki? Wa ya ce ki taɓa?"

"Ya, ƙishirwa yake ji."

"Shi ya sa. Mai ƙishin kwana huɗu ba a sake masa ruwa gaba ɗaya. Furen nan duk zai zube, saiwar ta dahu. A makarantar taku ta lakwal me aka koya maku?"

Ta durƙusa a fangali na biyu, ta sa yatsa biyu ta yi ƴar kafa a lakar. Ruwa ya silala kamar zare. Leɓunanta suka motsa na ɗan lokaci, sai ta toshe. Ta jira. Ta sake buɗewa, wannan karon faɗin yatsa uku.

"Jiƙa masa baki ake fara yi," in ji ta. "In kwana biyu ya yi, sau biyu ya isa. In huɗu ne, sai a yi ta lallaɓa shi. Yawan ƙishinsa, ƙanƙantar ruwan farko."

Nazifa ta tsaya da hauya a hannu, bakinta a buɗe. Ta sha karantawa cewa ba toshewar kaɗai ke kashe tsokar zuciya ba, wani sashen lokacin da jini ya dawo da ƙarfi yake mutuwa. Ta karanta ta wuce, kamar yadda ake wuce maƙwabci a hanya. Yau ga shi uwarta na yi da yatsa a cikin laka. Ta jefar da hauyar, ta yi tsalle ta faɗa cikin hanyar ruwa har gwiwa, ta rungume tsohuwar ta baya tana dariya.

"Ke, sake ni. Aljanu gare ki?"

"Ya, sake yi in gani. Minti nawa kike bari?"

"Ni na san minti? Ƙulhuwallahu uku in buɗe, uku in rufe."

Nazifa ta fito da waya ta auna Ƙulhuwallahu uku na uwarta, ta samu daƙiƙa arba'in. Ba ta da takarda, sai katin rigakafin shanu a jaka, ta juya bayansa ta hau rubutu da hannu mai laka. Ta yi ta bin tsohuwar fangali zuwa fangali tana zuba tambaya, ita kuma tana amsawa da tsaki, amma tana amsawa. Da Nazifa ta ce za ta raba dabbobin kashi-kashi ta gwada, Ya Fanna ta ce ba tare da ta ɗago ba, "To kada ki gwada fangalin bakin ruwa da na ƙarshen lambu, ƙarya za su yi maki." Wannan ma ta rubuta.

Kwana uku ta gama tsarin. Za a toshe wa rabin aladun jijiya na ɗan gajeren lokaci, rabi kuma na dogon lokaci. A kowane rabi, wasu a sake masu jini gaba ɗaya, wasu a buɗe a rufe sau uku, wasu kuma a lallaɓa su gwargwadon daɗewar toshewar. Aladun su zama sa'o'in juna, masu nauyi ɗaya, kuma ƙuri'a ce za ta raba su don kada son zuciya ya shiga. Wanda zai auna mataccen wurin ba za a gaya masa daga wane kashi zuciyar ta fito ba. Turke da harawa kuwa ta share su kamar ba ta taɓa sanin su ba.

Kafin amsa ta zo, ta yi wa kanta guzuri. Ta je wurin Ɗanmalam, limamin unguwarsu, ta zauna nesa ta kwashe komai ta gaya masa. Ya shafa gemu, sannan ya ce cin naman ne haramun, wannan babu ja. Amma a karatun da suka gada, duk mai rai mai tsarki ne muddin yana numfashi, in ya mutu ta sa safar hannu, ta wanke abin da ya taɓa, neman magani kuma ba abin kunya ba ne. Nazifa ta haddace maganar kalma-kalma, ta ajiye ta don ranar da za ta tsaya gaban uwarta.

Amsar ta same ta a mayanka, lokacin an fara tsinkar tattasai. Farfesa ta rubuto cewa tunanin buɗewa da rufewa ba sabo ba ne, an daɗe ana gwada shi, amma ɗaura shi a kan daɗewar toshewa da tsabtar tsarin su suka sa aka zaɓe ta. Nazifa ta saki ihu har wani ɗan maraƙi ya tsinke igiya. Ta yi rawa da takalmin roba a cikin ruwan jini, mahauta na buga wuƙa a kan wuƙa suna yi mata kiɗa. Daɗi ya kwance mata harshe, da Baba Ilu ya tambaya wace irin dabba Turawan ke yankawa, sai ta faɗa.

Kiɗa ya tsaya cak. Baba Ilu ya goge wuƙarsa a hankali.

"Madam, Ya Fanna ta sani?"

Ta girgiza kai.

"To ki riga bakin kasuwa isa. Kafin azahar ya kai mata, kuma ba yadda kika faɗa zai kai ba."

Ta cire farar riga ta tare ɗan kabu-kabu.

Ya Fanna na zaune a bakin shanya, jan tattasai shimfiɗe a gabanta har inda ido ya tsaya, tana tsince ruɓaɓɓu tana jefawa a kwando. Nazifa ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce an ɗauke ta. Tsohuwar ta ce madalla, fuskarta ta ɗan saki. Sai Nazifa ta runtse ido ta faɗi sauran, ta ɗora da maganar Ɗanmalam da sauri kamar mai biya hadda, tun daga haramcin ci har zuwa safar hannu.

Ya Fanna ba ta tofar da yawu ba. Ta ci gaba da tsinta, ɗaya, biyu, uku.

"Duk dabbobin Allah, me ya sa shi?"

"Zuciyarsa ce ta fi kama da ta mutum, Ya."

"Irin ta ubanki?"

"Irin tasa."

Hannun tsohuwar ya tsaya a kan tattasai. Nazifa ta fara jin tafiyar na zame mata. Da ta yi magana, muryar ba irin wadda ke faɗa a lambu ba ce.

"Ranar ya shigo yana zufa, tun safe bai sha komai ba. Ya ce Fanna, ruwa. Na ga ya galabaita, na cika ƙwarya daga randa, mai sanyi, na ba shi. Ya shanye duka. Bai ajiye ƙwaryar ba ya dafe ƙirji." Ta saki tattasan da ke hannunta. "Ni da na san ba a yi wa tattasai haka. Tattasai ma ina lallaɓa shi, shi ban lallaɓa shi ba."

Shekara goma sha huɗu da rasuwar, Nazifa ba ta taɓa sanin abin da matar nan ke ɗauke da shi ba. Tausayi ya kama ta, da haushin kanta, don amsar na hannunta tun tana jami'a, ba ta taɓa tunanin akwai mai bukatarta a gida ba.

"Ya, ba ruwan ba ne. Wallahi ba shi ba ne. Ruwa ciki yake tafiya, ba ya shiga jijiyar zuciya. Tasa ta daɗe tana toshewa, tun yana murza hannu yana cewa sanyi. Zufar da kika gani ma ciwon ne, ya riga ya kama shi tun a lambu. Ko ba ki ba shi ba, abin da zai faru ke nan."

"A littafi kika gani."

"A littafi, kuma likitoci duk sun sani."

"Littafin da ya bar ki kika fasa mini fangali."

Ya Fanna ta share ido da bakin mayafi, ta manta hannunta da yaji, hawayen ya ƙaru, ba ta damu ba. Ta juyo ta dubi ƴarta sosai.

"Can za ki ga tana bugawa? Ki ga ta toshe da idonki, ba a takarda ba?"

"Zan gani, Ya."

"To je ki. Ki duba da kyau, kada ki yi gaggawa. In ruwan ne, kada ki ji tausayina, ki dawo ki gaya mini gaskiya. In kuma ba shi ba ne, kada ki jira shekara ta cika, ki bugo waya ranar."